MOTAR LANTARKI: TAMBAYOYI UKU KAFIN KI BA DA KUƊIN ADASHINKI

   

Yau maganar mota za mu yi. Na san wata tana can bakin murhu tana cewa, "To Hajiya, ina ruwan mai zaman kulle da zancen mota? Mu da sai biki ko suna ko awo ke fitar da mu?" Yi haƙuri ki ba ni aron kunnenki. Ki ƙirga gidajen layinku, ki ga gida nawa ne tukunya ba ta hawa murhu sai maigida ya dawo daga tasha. Wannan mijinta direban tasi ne, waccan ɗanta ɗan adaidaita sahu ne, wata ƙanenta ɗan acaɓa, wata kuma maigidanta makanike ne ko mai sayar da baƙin mai. Kuɗin da ya shiga tankin mota bai shiga kwandon cefane ba. Kuma ranar da maigida zai sake abin hawa, wa yake fara tunkara? Ke ce dai. Ko ki ba shi kwasar adashinki, ko ki sayar da 'yar akuyarki, ko ɗan kunnen da kika zo da shi daga gidanku. Kin ga ashe maganar tamu ce.

Dukkanmu mun ji a jikinmu abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200, cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya bi shi, kuɗin markaɗe ma bai tsaya ba. Direba ya wuni yana gari, in ya cire kuɗin mai ya cire balas ɗin mai mota, abin da zai miƙo miki da daddare sai ki rasa ta inda za ki fara. To a cikin wannan hali ne maza suka fara hira a majalisa da tasha cewa akwai mota, akwai keke, akwai babur da ba sa shan mai ko ɗigo, caji kawai ake yi musu kamar wayar salula. Wasu sun ce ƙarya ce, wasu kuma har sun fara neman mai sayen tsohuwar motarsu. Abin da za mu duba yau shi ne: shin direbobinmu sun shirya komawa wannan mota? Wane ne lokacinsa ya yi, wane ne kuma ya kamata ya dakata?

Bari mu fara da sanin ita kanta motar. Motar da muka saba da ita, fetur take ƙonawa a cikin inji, ƙarfin ƙunar ya juya taya, hayaƙin ya fita ta salansa. Ita kuwa ta lantarki, babu tanki a jikinta. Wani ƙaton batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, shi ke ba da wuta ga na'urar da ke juya taya, kwatankwacin yadda fankar caji take juyawa in an ɗauke wuta. Tun da ba ta ƙona komai, ba ta da salansa, ba ta hayaƙi, ba a yi mata juyen baƙin mai, babu fulogi balle ya mutu, babu kafireto balle ya toshe. Ba ta da ƙara, sai dai ki ga wucewarta. Irin batirin wayarki ne a jikinta, sai dai nata ya yi nauyin buhunan hatsi da yawa. In aka jona ta da wutar gida takan kwana tana sha kafin ta cika, babba ma ta fi kwana. In kuwa a wurin caji mai ƙarfi ne, cikin kamar rabin awa za ta sha mafi yawan abin da take buƙata. Matsakaiciyar sabuwa, in ta cika, tana iya tafiyar kilomita 300 zuwa 400.

Kada ki ɗauka sabon abu ne. Wajen shekarar 1900, a ƙasar Amurka, kusan mota ɗaya cikin kowace uku ta lantarki ce. Wani abin da zai ba ki mamaki, mata aka fi yi wa tallarta. Dalili kuwa, motar fetur ta wancan zamani wani ƙarfe ake murɗawa da hannu a goshinta kafin ta tashi, kamar yadda ake tayar da injin niƙa, wani lokaci ya kuɓuce ya karya wa mutum hannu. Ta lantarki kuwa shiga kawai za ki yi ki tafi, ba hayaƙi, ba maiƙo a tufafi. Shi kansa Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, matarsa Clara motar lantarki take hawa. To me ya kashe kasuwarta? A 1908 Ford ya fito da motar fetur mai araha, a 1912 aka sa wa motar fetur na'urar da ke tayar da ita ba tare da murɗa ƙarfen nan ba, ga man ya wadata, ga ƙauyuka babu lantarki. Direbobi suka bi abin da ya fi musu sauƙi a aljihu. Ki riƙe wannan, don har gobe halin direba ke nan a ko'ina.

Abin da ya dawo da ita yanzu shi ne araha da batir ya yi. Daga 2010 zuwa 2024 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. A shekarar 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A ƙasar Sin, kusan rabin sababbin motocin da aka saya a shekarar irinsu ne. A ƙasar Norwe ta Turai kuwa, kusan tara cikin goma. Mutanen Norwe ba wai sun fi kowa son sabon abu ba ne. Ƙasa ce mai duwatsu da ruwa, wutarsu daga madatsun ruwa take, ba ta yankewa, gwamnatinsu kuma ta shekara da shekaru tana ɗauke wa motar lantarki haraji har ta zo daidai da ta fetur ko ma ta fi ta sauƙi. Ga kuma misalin Jamus: a ƙarshen 2023 gwamnati ta janye tallafin da take bai wa masu sayenta, shekarar da ta biyo sai ciniki ya ja baya sosai. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da na dizal a 2024, saboda kuɗin waje da sayo mai yake cinye mata, ga shi tana da wutar ruwa. A watan Satumba na 2025 ta buɗe babbar madatsarta ta kogin Nilu mai ƙarfin megawat sama da 5,000. Duk inda kika ga direbobi sun koma, wuta da lissafin aljihu ne suka riga su zuwa.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Akwai wani ɗan jihar Sakkwato, Jelani Aliyu, wanda ya yi aiki a kamfanin General Motors na Amurka, shi ya zana siffar wata mota mai caji da ake kira Chevrolet Volt. Da ya dawo ya shugabanci hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a 2021 suka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A daidai wannan lokaci aka fito da wata motar lantarki mai suna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana mayar da su na batir. A watan Disamba na 2023 kuma gwamnatin Borno ta Gwamna Babagana Zulum ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da lantarki da masu aiki da iskar gas don rage wa talaka kuɗin mota. Saboda haka in maigida ya zo miki da wannan zance kada ki ce almara ce. Abin da ya rage shi ne ki san tambayoyin da za a yi kafin a fitar da kuɗi. Guda uku ne, ki ajiye tsintsiya ki saurara da kyau.

Tambaya ta farko: a ina za a riƙa yi mata caji kullum? Wannan ita ce uwa. Motar fetur in mai ya ƙare, ko gidan mai ya rufe akwai 'yan bumburutu a bakin titi. Ita wannan ba a sayo mata wuta a galan. Ke kin fi kowa sanin halin wutarmu, tun da ke ce ƙanƙararki ke narkewa, ke ce kike aika yaro ya kai waya shagon caji. A 2024 duk wutar da ake rarraba wa Nijeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, tana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, wato ba ta wuce ta madatsar nan guda ɗaya ta Habasha ba. Kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka fi mako guda a duhu. Ki ƙaddara abincin gidanki ya dogara da keken da sai ya sha wuta zai fita. Mako guda babu fita, ga balas na taruwa. Don haka amsar "ai za a kawo wuta" ba amsa ba ce. Amsar da za ki karɓa ita ce a nuna wuri takamaimai: ko wurin caji mai sola a kan hanyarsa, ko ƙungiyarsu ta direbobi ta kafa nata, ko kamfanin da ya sayar ya tanada. Kada kuma a ruɗe ki da 'yar solar da ke kunna miki ƙwai uku da fanka. Abin da mota za ta sha a caji guda ya fi abin da wannan 'yar solar za ta tara a wata.

Ga ɗan lissafi mai sauƙi, ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta. Ƙaramar motar fetur mai lafiya takan sha kamar lita 8 a tafiyar kilomita 100, tsohuwa ta fi haka. In muka ɗauki farashin ƙarshen 2024, naira 1,000 lita, naira 8,000 ke nan. Motar lantarki a wannan tafiya takan ci yunit 15 zuwa 20 na wuta. Masu wuta mai tsada, waɗanda aka sa a rukunin A aka yi musu alkawarin awa 20 a rana, tun Afrilun 2024 aka mayar da yunit ɗinsu sama da naira 200. Yunit 18 sau naira 210, bai kai naira 4,000 ba. Kin ga an rage fiye da rabi, ban da kuɗin juye da na fulogi da suka faɗi. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin maza, kuma gaskiya ne. Sai dai in janareto za a tayar a yi cajin, ribar ta tafi, domin man da ƙaramin janareto zai sha kafin ya cika ta zai kai wanda motar fetur za ta sha, ko ya fi. An gudu ba a tsira ba. Farashi yana canjawa, saboda haka a sa na ranar da ake lissafin, a ga abin da zai fito.

Tambaya ta biyu: mene ne lafiyar batirin, kuma wa zai ɗauki nauyi in ya mutu? Batir shi ne ran wannan mota, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Kin san halin wayarki: tana sabuwa caji ɗaya ya kai ki kwana biyu, bayan shekara biyu kafin la'asar ta fara kuka. Na mota ya fi wannan juriya nesa ba kusa ba, amma shi ma yana tsufa, kuma zafi yana gaggauta tsufansa. Mu kuwa kin san ranar Afrilu da Mayu a ƙasar nan. Manyan kamfanoni sukan ba sabuwar mota garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir. To mu yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sai sun gama yawo a Turai ko Amurka su iso mana. Tsohuwar motar fetur makanike zai tayar, ya kasa kunne, ya duba hayaƙi, ya ce a saya ko a bari. Batir kuwa ba a gane lafiyarsa da ido, sai an jona na'ura ta auna kashi nawa ya rage na ƙarfinsa. Wanda ya sayi tsohuwa bai auna ba, ya sayi kura a rufe cikin buhu. A keke da babur kuma batir iri biyu ne. Akwai na dalma, irin wanda ke cikin motocinmu na yau, yana da araha amma ga nauyi, kuma da aikin haya na kullum ba ya daɗewa, shekara ɗaya ko biyu ya gaji. Akwai na litiyam, mai tsada, mara nauyi, mai daɗewa. Dole a tambaya wanne ne a ciki, nawa ne sabonsa, a ina ake samunsa, garantin kuma a rubuce yake ko na fatar baki ne. Araha dai ba ta ado.

Tambaya ta uku: wa zai gyara? Tsohuwar Golf ko Sharan ko babur ɗin Bajaj, ko a ƙauye ya lalace za a sami yaron da zai kwance ya ɗaura, kayan gyara kuma ga su nan jibge a kasuwa. Motar lantarki ba ta cika lalacewa ba, tun da sassan da ke motsi a cikinta kaɗan ne. Amma ranar da ta tsaya, mai sifana da guduma ba zai iya da ita ba, sai wanda ya koyi aikin lantarki da kwamfuta. Wutar da ke cikinta kuma tana da ƙarfin da za ta kashe wanda ya taɓa ba da sani ba. In mai gyaran yana Legas ko Abuja, ko sai an yi wata biyu ana jiran kaya daga Sin, to wata biyun nan me za a ci? A nan ina jan hankalin iyaye. In ɗanki yana koyon makanikanci ko wayarin ko haɗa sola, ki ƙarfafa masa guiwa ya koyi aikin batir tun yanzu. Wanda ya riga shiga sana'a shi ke cin gaban kasuwa.

To da waɗannan tambayoyi uku, wa ya shirya? A ganina, wanda lokacinsa ya fi kusa shi ne mai yawon cikin gari: ɗan adaidaita sahu, ɗan acaɓa, mai kai yara makaranta, mai bas ɗin da ke kai-komo a hanya ɗaya. Kullum yana cikin gari, tafiyarsa sananniya ce, man da yake ƙonawa a rana mai yawa ne, saboda haka abin da zai rage zai yi saurin mayar masa da kuɗinsa. Batirin keke kuma ƙarami ne, ba ya buƙatar wuta irin ta mota. A Indiya, inda yawancin kekunanmu suke fitowa, fiye da rabin masu ƙafa uku da aka sayar a 'yan shekarun nan na lantarki ne. A Kigali, babban birnin Ruwanda, daga Janairun 2025 aka daina yi wa sabon babur ɗin haya mai shan fetur rajista. A can, da Kenya, da Kwatano da Lome, akwai wata dabara mai kyau: direba ba ya tsayawa jiran caji, sai ya je shago ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke ya biya, kamar yadda kike aika kwalba a karɓo miki lemo. Batirin na kamfani ne, in ya tsufa asararsu ce. Duk garin da irin wannan shago ya yawaita, to direbobinsa sun shirya. Kada mu manta, shi kansa keken nan baƙo ne jiya-jiya. A Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo shi a 2005 domin mu mata, don a raba mu da hawa bayan acaɓa. Da aka hana acaɓa a birnin a Janairun 2013, sai ya mamaye titi. Cikin shekara goma abin hawan gari guda ya sauya. Zamani riga ne, in sauyi ya zo ba ya sallama.

Wanda kuwa ya kamata ya dakata shi ne direban dogon zango. Kano zuwa Abuja ta haura kilomita 400, Kano zuwa Maiduguri ta kusa 600, ga lodi, ga zafi, ga hanyar da ba kowa ke son tsayawa a tsakiyarta ba. Sai ranar da ya ga wuraren caji a jere a hanyarsa kamar gidajen mai, sannan ya yi tunani. Haka mutumin ƙauyen da ko turken lantarki babu. Haka magidancin da motarsa sai Juma'a ko ranar biki take fita, shi man da yake sha bai kai ya biya masa tsadar sabuwa ba. Wasu direbobin sun zaɓi tsaka-tsaki, suna mayar da motarsu mai amfani da iskar gas, shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Shi ma tambayar ɗaya ce: ina gidan gas ɗin yake a hanyarka? Kuma a je wurin ƙwararru da tukunyar da aka yi don wannan aiki, ban da tukunyar girki, ban da haɗin bakin titi.

Yanzu ga abin da ya shafe ki kai tsaye in abin nan ya shigo gidanki, domin ke ce mai tsaron gida. Na ɗaya, gobara. Batirin litiyam in ya fashe, ko ya sha duka, ko aka yi masa caji da cazar da ba tasa ba, yana iya kamawa da wuta mai saurin tashi da wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai mutum 18 suka mutu a gobarar irin waɗannan batura, galibi na kekuna da babura da ake caji a cikin gida. Gidajenmu kuwa ƙofa ɗaya ce, ta zaure. In aka jona babur a zaure aka kwanta, wuta ta tashi, ta ina za a fita? Saboda haka kada a yi caji a ɗakin kwana, kada a yi a zaure ko bakin ƙofa, kada a yi kusa da katifa ko kalanzir ko tukunyar gas. In kin ga batir ya kumbura, ko yana zafi fiye da ƙima, ko yana wari ko hayaƙi, ki kwashe yara ku fita, a kira 'yan kwana-kwana. Wanda ambaliya ta shanye, kada a jona shi sai masani ya duba. Na biyu, tsohon batirin dalma guba ne. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda dutsen zinariya mai dalma da ake daka wa a cikin gidaje. Irin wannan dalmar ce a cikin batir. Kada a ajiye shi tsakar gida, kada a fasa shi, kada yaro ya yi wasa da shi, a mayar wa dillalinsa. Na uku, abin nan ba ya ƙara. Yaranmu sun saba sai sun ji ƙugin babur su kauce. Ki koya musu duba hagu da dama ko a lungu ne.

Sai maganar kuɗinki. 'Yar'uwa, taimakon miji alheri ne, ana samun lada, kuma rufin asirinsa rufin asirinki ne. Amma addininmu ya ba mace ikon dukiyarta, sadakinki da gadonki da ribar sana'arki naki ne. In kyauta za ki ba shi, ki bayar da zuciya ɗaya. In rance ne, a kira shi rance. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka babu rashin kunya a ce a rubuta. In kuma hannun jari kika sa, a faɗi rabonki tun farko, musamman a gidan da ake da abokiyar zama, don gudun ɓacin rai gobe. Kada kuma ki juye duk abin da kika mallaka wuri guda, ki bar na asibiti da na makarantar yara. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ki ce, "Maigida, Allah Ya sa albarka a wannan niyya. Ni dai don hankalina ya kwanta, a ina za a riƙa cajin? Takardar garantin ta shekara nawa ce? Akwai wanda ya yi shekara yana haya da irinsa, mu ji daga bakinsa?" Namiji mai hankali ba zai ji haushin wannan ba. In biyan kaɗan-kaɗan ne, a karanta takardar a gaban wanda ya iya, a san jimillar abin da za a biya, a san hukuncin ranar da keke ya kwana wurin gyara, a kuma tambayi malamai in akwai kuɗin ruwa a ciki.

Iyayena da 'yan'uwana, motar lantarki tana tafe, ta ƙofar keke da babur za ta fara shigo mana, kuma akwai sauƙi a cikinta ga wanda ya sami wurin caji tabbatacce, batir mai garanti, da mai gyara a kusa. Wanda ya haɗa ukun nan ya yi bismilla, ya yi istihara ya shiga. Wanda bai haɗa ba ya riƙe tsohuwarsa, ya ci gaba da tari, yana kallon yadda ta kaya da waɗanda suka riga shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙa, musamman wadda mijinta ko ɗanta ya riga ya fara haya da irin wannan keke, muna son jin yadda cefane ya kasance kafin da bayan. Allah Ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a kan hanya, Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a abin da suke samowa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.